Yadda ake ɗaukar kare fitbul daga gidan ajiye dabbobi a Amurka, mataki-mataki

Tambaya ɗaya ta yi ta maimaituwa daga 'yan'uwa mazauna Amurka. Yara sun matsa sai an kawo kare gida, an je gidan ajiye dabbobi na gari, sai aka tarar yawancin kejin da aka leƙa kare ne mai faɗin kai da gajeren gashi, ƙirji kamar na ɗan dambe, an rubuta fitbul a katinsa. Kuɗin ɗaukarsa kaɗan ne, wani lokacin ma kyauta. To ta ina ake farawa, kuma me ya kamata a ji tsoro?

A fara da takarda, kare ya biyo baya. Da yawa daga cikin karnukan nan da ake mayarwa gidan ajiya ba cizo suka yi ba. Mai gidan haya ne ya ce a fitar, ko kamfanin inshora ya ƙi, ko uwargida ta ce ba ta yarda ba tun farko. Kuma fitbul ɗin da aka mayar, a gidan ajiyar da ya cika maƙil, yana iya ƙarewa da allurar mutuwa. Shi ya sa nake roƙon a bi matakan nan a jere, kada a tsallake.

1. Ku gama magana a cikin gida

Kafin ka buɗe kowane shafin intanet, zauna da iyalinka. Tambayar farko: ina karen zai kwana? A gida mun saba kare yana tsakar gida ko bakin ƙofa, ya yi gadi, a zuba masa sauran tuwo. A Amurka wannan tsarin ba zai yiwu da fitbul ba. Gashinsa gajere ne ƙwarai, sanyin hunturu na New York ko Chicago zai iya kashe shi a waje. Gidajen ajiya da yawa kuma ba za su ba ka shi ba idan ka ce a waje zai zauna. Doka ma ta shigo ciki: a birnin New York an hana ɗaure kare a waje fiye da awa 3 a jere cikin awa 12, a jihar Texas kuwa tun Janairun 2022 an hana ɗaure karen waje da sarƙa.

Saboda haka maganar addini ta zo nan, ba daga baya ba. Hadisi ya ba da damar ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗi kan ajiye shi ba dalili. Malikiyya suna ganin jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, duk da haka a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka tambayi uwargida, ka tambayi tsohuwar da take zuwa muku hutu. Idan akwai wanda zai ƙi cin abinci a gidanka saboda kare yana falo, ka sani tun yanzu. Wasu suna ware masa ɗaki ɗaya da ƙofar baya, su hana shi wurin salla da ɗakunan kwana. Wannan yana yiwuwa, amma sai an yi shawara.

Gargaɗi: idan don gadi kake nemansa, ka sake tunani. Fitbul da yawa suna son mutane har da baƙi. Wanda kuma yake yi wa kowane baƙo gurnani, ba mai gadi ka samu ba, ƙara a kotu ka ɗauko.

2. Dokar gari, takardar haya da inshora

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci.

Fara da dokar garinku. Babu doka ɗaya ta ƙasa baki ɗaya a kan fitbul a Amurka. Kowace jiha da ƙaramar hukuma da tata. Birnin Denver ya haramta shi tun 1989, sai a 2020 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a aka sassauta, amma har yanzu sai da izini na musamman, kuma kada ya wuce biyu a gida ɗaya. Yankin Miami-Dade shi ma ya hana tun 1989, haramcin ya faɗi a Oktoban 2023 bayan jihar Florida ta canza dokarta. Akwai ƙananan garuruwa da har yau ba a yarda da shi ba. Kira ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarka ka yi tambaya kai tsaye. Idan akwai yiwuwar aiki ya kai ka wata ƙasa, ka tuna lardin Ontario na Kanada ya haramta shi tun 2005, Ingila kuma tun 1991.

Sai takardar haya. Karanta ta layi-layi, musamman sashen dabbobi. Za ka iya ganin an jera sunaye irin su Pit Bull, American Staffordshire Terrier, Staffordshire Bull Terrier da American Bully, a ƙara da “ko wanda ya haɗa jini da su”. Dukansu fitbul ake ce musu a bakin jama'a. Gidajen gwamnati na NYCHA a New York sun hana fitbul da duk karen da nauyinsa ya wuce fam 25, wato kusan kilo 11, alhali babban fitbul yakan kai kilo 14 zuwa 27 ko fiye. Idan gidanka ne na kanka amma unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje, ita ma tana da nata ƙa'idojin.

Gargaɗi: kada ka karɓi izinin baki. Mai kula da ginin da ya ce maka “ba komai, kawo shi” zai iya barin aiki gobe. A rubuta maka, da sunan irin karen a ciki, a sa hannu. Kada kuma ka ɓoye irinsa ka ce wani iri ne. Maƙwabci ɗaya ya kai ƙara, magana ta ƙare.

Na uku, inshorar gida ko ta ɗan haya. Wasu kamfanoni ba sa biyan diyyar cizo idan fitbul ne, wasu suna ƙara kuɗi, wasu kamar State Farm sun ce ba irin kare suke dubawa ba, tarihin cizonsa suke tambaya. Jihar New York ta hana kamfanonin inshorar masu gidaje ƙin mutum saboda irin karensa kawai tun 2022. Kira kamfaninka ka tambaya ko diyyar cizon kare tana cikin yarjejeniyarka, kuma har nawa.

3. Yi lissafin kuɗi na shekara

Kuɗin ɗauka shi ne mafi ƙanƙanta. A gidajen ajiya na gwamnati yakan kama daga kusan dala 50 zuwa 300, kuma galibi an riga an yi wa karen dandaƙa ko an cire wa karya mahaifa, an yi allurar rigakafi, an sa masa ƙwayar shaida, wato ƙaramar na'ura mai ɗauke da lambarsa, ƙarƙashin fata. Lokacin da gidajen suka cika sukan yafe kuɗin ɗungurungum, musamman a gangamin Clear the Shelters da ake yi wajen watan Agusta.

Abin da ke cin kuɗi yana gaba. Abinci kusan dala 50 zuwa 80 a wata. Maganin ƙuma, kaska da tsutsar zuciya wasu dala 30 zuwa 50 a wata. Duba lafiya na shekara ɗaruruwan daloli. Mai gidan haya na iya ƙara kuɗin ajiya da kuɗin wata saboda kare. Ga kuma abin da ba a shirya masa ba: irin nan suna yawan fama da ƙaiƙayin fata da ciwon kunne, jijiyar gwiwarsu ta baya tana tsinkewa, tiyatarta kuwa dubban daloli ce a ƙafa ɗaya. Ko dai ka yi masa inshorar lafiya tun makon farko, kafin a rubuta masa wata cuta a kati, ko ka riƙa ware wani abu duk wata.

4. Nemo kare, ka yi tambayoyi

Shafukan Petfinder da Adopt-a-Pet suna nuna karnukan da ke kusa da kai. A New York akwai Animal Care Centers of NYC, wanda shi ne gidan ajiya na birni. Akwai kuma ƙungiyoyin ceto masu zaman kansu da suke ajiye karnuka a gidajen masu riƙo. Ga wanda bai taɓa ajiye kare ba, na fi son wannan hanyar ta ƙarshe, domin mai riƙo ya zauna da karen dare da rana, ya san ko yana fitsari a ɗaki, ya san abin da yake yi idan an buga ƙofa.

Kada ka dogara da sunan da aka rubuta a kati. Ma'aikata da ido suke ƙiyastawa, kuma sau da yawa gwajin jini yana nuna wani abu dabam. Wani bincike na Jami'ar Jihar Arizona da ya fito a 2016 ya gano karnukan da aka laƙaba wa sunan fitbul suna daɗewa a gidan ajiya fiye da ninki uku na masu kama da su da aka ba wani suna. Wannan daɗewar tana da illa: karen da ya yi watanni a keji cikin haushi da ƙarar ƙofofin ƙarfe zai iya yi maka tsalle kamar ya zare, ko ya maƙale a lungu, alhali ba halinsa ba ke nan.

Ga abin da za ka tambaya, kuma ka nemi a nuna maka a rubuce: Ta yaya ya zo nan, a titi aka tsince shi ko mai shi ne ya kawo shi, kuma me ya ce dalili? Ya taɓa cizon mutum ko dabba? An taɓa ɗaukarsa aka dawo da shi? Yaya yake da wasu karnuka, da kyanwa, da yara? Yana gurnani idan an kusanci kwanonsa? Yana shan wani magani, musamman na kwantar da hankali? Ka kuma nemi ɗan sa-kan da ya fi fita da shi yawo, shi ne zai gaya maka gaskiyar da ba ta cikin fayil.

Shawarata: ka ɗauki babba, mai shekara 3 zuwa sama. Kwikwiyo yana da ban sha'awa, amma halin fitbul game da sauran karnuka yakan fito ne tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Kwikwiyon da yake wasa da kowa yau zai iya girma ya ƙi jinin kowane kare namiji. Babba kuwa halinsa game da sauran karnuka ya riga ya fito.

Gargaɗi: duk karen da ke da tarihin cizon mutum, ka bar wa ƙwararru, komai tausayin da ya ba ka. Ƙaryar da ake yaɗawa cewa muƙamuƙin fitbul yana kullewa ba ta da tushe, amma ƙarfinsa gaskiya ne, kuma idan ya kama ba ya saurin saki. Mai ƙananan yara ba shi da damar yin gwaji.

5. Ganawa

Ku je dukanku, har da yara. Ka nemi a fito da shi fili ko ɗakin ganawa. Kada kowa ya ruga kansa. Ku tsaya gefe, ku bar shi ya shinshina ƙasa, ya zagaya, ya zo da kansa. Abin da kake so ka gani shi ne jiki sake, bindi yana kaɗawa har da ƙugu, baki a buɗe, ya jingina da ƙafarka yana neman a shafa shi. Ka shafa ƙirjinsa na ɗan lokaci ka janye hannu. Idan ya matso yana neman ƙari, alama ce mai kyau. Abin da zai sa ka dakata shi ne jiki ya sandare, baki ya rufe, ido ya kafe a kan yaro, ko yana bin yaron da kallo duk inda ya motsa. Kaɗa bindi kaɗai ba shaida ba ce.

Ka riƙe igiyarsa ka zaga da shi, ku wuce ta kusa da wani kare. Idan uwargida ko babban yaro ne zai riƙa fita da shi, su ma su riƙe su ji ƙarfin jansa. Idan kana da kare a gida, a haɗa su a can gaban ma'aikata. Ka koma karo na biyu kafin ka yanke shawara.

6. Riƙo kafin ɗauka, sannan sa hannu

Tambaya ko suna da tsarin riƙo na gwaji, mako ɗaya ko biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma idan bai yiwu ba, bayanin da za ka mayar musu zai taimaka wa karen ya sami gidan da ya dace. Ranar cike takarda ka tafi da katin shaida, shaidar adireshi da izinin mai gida. Ka karanta sashen da ya yi maganar mayarwa. Yawancin ƙungiyoyi suna sharɗanta cewa su za ka mayar wa, ba ka da ikon sayarwa ko kyautarwa. Ka karɓi katin rigakafi da lambar ƙwayar shaida.

7. Kayan da za a tanada kafin ya iso

Keji na ƙarfe mai tsawon inci 36 zuwa 42, gwargwadon girmansa. Igiya mai kauri mai tsawon ƙafa 6, wanda shi ne iyakar da dokar birnin New York ta yarda. Abin wuya irin wanda yake ɗan tsukewa idan ya ja, ana kiransa martingal, domin wuyan fitbul kusan kaurinsa ɗaya da kansa, abin wuya na yau da kullum zamewa yake yi. Ragamar ƙirji mai zobe a gaba don rage ja. Kwanoni biyu na ƙarfe. Abin tauna na roba mai tauri, irin baƙi na kamfanin Kong. Ƙaramar ƙofar shinge ta yara don raba ɗakuna. Rigar sanyi idan kuna arewa. Sai irin abincin da yake ci a can, ko da kana da niyyar canzawa. A hankali ake canzawa cikin mako guda, in ba haka ba zawo ne.

Gargaɗi: kada ka sayi igiyar nan mai miƙewa da naɗewa da kanta. Ba ta riƙe kare mai ƙarfi, kuma tana yanka hannu.

8. Makonnin farko

Ma'aikatan gidajen ajiya suna da wani ƙiyasi da suke maimaitawa: kwana 3 kafin ya daina ruɗewa, mako 3 kafin ya gane tsarin gida, wata 3 kafin ya saki jiki. Ba lissafin dole ba ne, amma yana hana mutum yanke hukunci da wuri.

Daga gidan ajiya ku wuce gida kai tsaye. Kafin ku shiga, kai shi inda kake so ya riƙa bahaya, ka jira har ya yi. Ka shiga da shi da igiya, ka nuna masa ɗakinsa da kejinsa da ruwa, sannan kowa ya ƙyale shi. Zai iya ƙin abinci kwana ɗaya ko biyu, zai iya yin barci kamar mara lafiya. Mu mutane ne masu zumunci, da an ji labari za a cika falo ana son gani. Ka ba su haƙuri har mako biyu. Babu baƙi, babu kai shi taro, babu filin da ake sakin karnuka.

Dokokin yara uku ne kuma ba sassauci: ba a taɓa shi yana cin abinci, ba a tashe shi daga barci ko a bi shi cikin keji, ba a rungume wuyansa ko a hau bayansa. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai ko na minti ɗaya. Za ka shiga wanka, kare ya shiga keji. Idan ya yi gurnani kada ka doke shi. Gurnani sanarwa ce, idan ka hana shi sanarwa, ranar da zai yi cizo ba za ka ji komai ba. Ka raba su, ka lura da abin da ya jawo, ka kira gidan ajiyar a ranar.

Gargaɗi na kicin: sauran miyarmu ba ta kare ba ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, kuma babu miyar da ba mu sa su. Inabi da busasshensa suna kashe ƙoda, cakulan guba ne gare shi, haka cingam mai sinadarin zaƙi da ake kira zailitol. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Lokacin layya a kula da kwandon shara.

9. Likita da lasisi

Cikin makon farko ka kai shi wurin likitan dabbobi da duk takardunsa. A duba tsutsar zuciya, fata, kunne da haƙora. Tarin da karnuka suke ɗaukowa a gidan ajiya yakan bayyana bayan 'yan kwanaki. Idan ya haɗa da kasala da ƙin abinci, kada ka jira. Ka shiga shafin kamfanin ƙwayar shaidar ka mayar da ita sunanka da lambar wayarka, mutane da yawa suna manta wannan. Sai lasisi: a birnin New York dala 8.50 ne a shekara ga karen da aka yi wa dandaƙa, dala 34 ga wanda ba a yi wa ba. Allurar ciwon haukan kare wajibi ce a mafi yawan jihohi.

10. Horo da fita waje

Fitbul na son abinci kuma yana son a yaba masa, saboda haka da lada ake horar da shi, ba da bulala ba. Ajin horo na rukuni na mako 6 yakan kama dala 150 zuwa 250. Abubuwa huɗu za a fara da su: zauna, zo nan, bar shi, da tafiya ba ja. Daga baya ka nemi jarrabawar ladabin kare mai gwaji 10 da ake kira Canine Good Citizen, ta ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC. Takardarta tana taimakawa wajen shawo kan wasu masu gidajen haya.

Yana buƙatar motsa jiki sosai, kamar awa ɗaya a rana, safe da yamma. Wanda ba a gajiyar ba shi ne mai cinye kujera da takalma. Ka koya masa takunkumi irin na kwando, wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki, tun ba a buƙace shi ba: ka shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar zailitol a ciki ya sa bakinsa da kansa.

Filin sakin karnuka kuwa, ni dai ba na ba da shawararsa ga irin nan. Ko wani kare ne ya tsokano faɗa, naka za a ɗora wa laifi, kuma hukuma na iya ƙwace shi. Idan faɗa ya ɓarke kada ka sa hannu kusa da bakinsu ko ka kama abin wuya. Masu karnuka da yawa a nan suke shan cizo.

11. Tafiya gida, da ranar da abin ya ƙi

Mu masu zuwa Kano, Zinder ko Kumasi mu yi wata ɗaya ko biyu, sai mu tanadi mai riƙe shi. Tafiya da shi wahala ce: kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa ɗaukar irin nan a ɗakin kaya, kuma tun Agustan 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsaurara sharuɗɗan shigo da kare Amurka, musamman daga ƙasashen da ta lissafa cikin masu haɗarin ciwon haukan kare, waɗanda Najeriya, Nijar da Ghana suna ciki. Gidajen kwanan karnuka suna cajin dala 40 zuwa 75 a dare, wasu kuma ba sa karɓar fitbul ko kaɗan. Ka nemo wuri, ka kai shi ya kwana ɗaya na gwaji, tun kafin ka sayi tikiti.

Idan kuma an yi iya ƙoƙari zaman ya ƙi, ka koma wurin waɗanda suka ba ka shi, ka gaya musu duk abin da ya faru, har da cizo idan an yi. Kada ka sa tallarsa kyauta a intanet. Faɗan karnuka babban laifi ne a duk jihohi 50 na Amurka, amma har yanzu akwai masu yi a ɓoye, kuma irin waɗannan tallace-tallace suke bi. Ka kira ƙungiyar da wuri, ka ba su mako biyu ko uku su nemo mai riƙo, ka miƙa musu kejinsa da maganinsa da katin likitansa tare da shi.